Yadda Ake Neman Gurbin Karatun Likita Bayan Fitowar Sakamakon JAMB

Duk shekara, da zarar hukumar JAMB ta saki sakamakon jarrabawar UTME ta neman shiga manyan makarantu, tambaya ɗaya iyaye da ɗalibai suke ta maimaita mini, wasu ta waya, wasu a ƙofar masallaci bayan sallar Magariba: "Malam, yaro ya ci maki kaza, zai samu likitanci kuwa?" Makin shi kaɗai ba ya amsa wannan tambaya. Na ga masu maki mai tsoka sun kwana a gida, na kuma ga waɗanda ba su kai su ba sun shiga aji, kuma kusan kullum abin da ya raba su shi ne yadda kowa ya tafiyar da makonnin da suka biyo bayan sakamako. Matakan da ke tafe sun shafi mai neman digirin likitanci na MBBS a jami'o'in gwamnati a Nijeriya, kuma na jera su bisa tsarin da ya kamata a bi su.

1. Duba sakamakon da kanka, ka buga takardarsa

Ana duba sakamako ta hanyar tura kalmar UTMERESULT, a haɗe ba tare da tazara ba, zuwa lamba 55019 ko 66019, daga layin wayar da aka yi rajista da shi, kuma ana cire naira 50. Idan hukumar ta buɗe damar buga takardar sakamako ta asali, wadda ke ɗauke da hoton ɗalibi, sai ka shiga shafinta da adireshin imel da kalmar sirrinka ka biya kuɗin bugawa, wanda a 'yan shekarun nan naira 1,500 ne. Ka buga kwafi uku ko huɗu masu launi, domin za a nema a wurin tantancewar da jami'a ke yi wa masu neman gurbi da wurin rajista.

Gargaɗi: layin da aka yi rajista da shi dukiya ne har sai an kammala komai. Wata yarinya a unguwarmu ta yi rajista da layin yayanta, shi kuwa ya tafi Legas neman kuɗi da wayarsa, saƙonnin da suka shafe ta suka riƙa sauka a aljihunsa bai ko buɗe su ba. Haka kuma kada ka bar kalmar sirrinka a hannun mai shagon intanet. Duk wanda ya ce zai "ɗaga" maka maki idan ka biya shi, ɗan damfara ne, domin jami'a tana ɗaukar maki ne kai tsaye daga rumbun JAMB, ba daga takardar da ke hannunka ba. A 2023 wata ɗaliba a Jihar Anambra ta nuna takarda mai maki 362 alhali 249 ta ci, ƙarshenta hukumar ta soke sakamakon ta kuma haramta mata jarrabawar na shekara 3.

2. Ka san matsayin makinka na gaskiya

Akwai lambobi uku da ake kira "mafi ƙarancin maki", kuma rikita su shi ne kuskuren da ya fi jawo baƙin ciki. Ta farko ita ce wadda ake amincewa da ita a taron da JAMB ke yi da shugabannin makarantu kowace shekara: 140 ga jami'o'i a 2024, sai 150 a 2025. Wannan ba ta da wata alaƙa da likitanci, ƙasa ce kawai da ba a yarda wata jami'a ta sauka ƙasa da ita ba. Ta biyu ita ce wadda jami'a ke sanarwa domin sayen fam ɗin tantancewa, wadda ga likitanci takan ɗara ta sauran kwasa-kwasai. Ita ma izinin shiga takara ce kurum. Ta uku ita ce ta gaske, wato makin mutum na ƙarshe da aka ɗauka a sashen, kuma ba a saninta sai an jera masu nema daga sama zuwa ƙasa an tsaya inda gurabe suka ƙare.

Dalilin da ya sa lamba ta uku take yin sama shi ne, jami'a ba ta da ikon ɗaukar ɗaliban likita yadda ta ga dama. Hukumar MDCN, mai kula da aikin likitoci da likitocin haƙori, ita ke ƙayyade wa kowace makaranta adadin da za ta horar, gwargwadon malamanta da ɗakunan gwajinta da gadajen asibitin koyarwarta. Saboda haka dubban mutane ne suke kokawa a kan kujeru 'yan kaɗan.

Domin ka auna kanka, ga ma'auni: a 2025 mutum sama da miliyan 1.9 suka zauna jarrabawar, fiye da miliyan 1.3 daga cikinsu ba su kai 200 cikin 400 ba, waɗanda suka kai 300 kuwa ba su cika kashi 1 cikin 100 ba. Wanda ya ci 260 ya yi ƙoƙari matuƙa idan aka kwatanta shi da jama'a, sai dai ba da jama'a yake takara ba. Da yawa daga cikin waɗanda suka fi shi maki, likitanci suka cike. A ganina, mai 300 zuwa sama yana da damar tsayawa a kowace jami'a ya fafata. Mai 260 zuwa 290 yana cikin takara, amma zaɓen jami'a ne zai yi masa rana ko ya kā da shi. Wanda ke ƙasa da 240, ya fi masa alheri ya fara karanta mataki na 7 tun yau, ko da zai gwada sa'arsa.

Hanyar da ta fi dacewa ta gano lamba ta uku ita ce ka nemi ɗalibai biyu ko uku da ke aji ɗaya ko aji biyu a sashen likitanci na jami'ar da kake so, ka tambaye su makin da suka shiga da shi da kuma jiharsu ta asali. Jerin lambobin da ake yawo da su a WhatsApp da Facebook, yawancinsu ƙirƙira ce.

3. Gyara takardunka kafin komai

Likitanci yana buƙatar kiredit biyar a jarrabawar kammala sakandare ta WAEC ko NECO: Turanci, Lissafi, Bayoloji, Kemistiri da Fiziks. Jami'o'i da dama suna sharɗanta cewa a same su a zama ɗaya, don haka wanda ya haɗa sakamako biyu ya duba ƙasidar JAMB da sanarwar jami'ar kafin ya kashe ko sisi. Darussan UTME kuma dole su kasance Turanci, Bayoloji, Kemistiri da Fiziks. Wanda ya zauna Lissafi a madadin ɗaya daga cikinsu, ba za a duba shi a likitanci ba komai yawan makinsa.

Idan ka yi rajista kana jiran sakamakon sakandare, to ranar da ya fito ka nufi cibiyar kwamfuta da JAMB ta amince da ita ko ofishin hukumar na jiharku a ɗora shi, sannan ka shiga shafinka ka gani da idonka cewa darussan da makinsu sun bayyana. Ɗora sakamako a shafin jami'a daban ne, ɗora shi a na JAMB daban, kuma idan babu na JAMB jami'a ba za ta iya miƙa sunanka ba. Wannan ya faru da ɗan yayata. Ya ci 281, ya yi tantancewa lafiya, muka zauna muna jira, jerin farko ya fito babu shi, na biyu ma haka. Sai da na zaunar da shi gaban kwamfuta muka buɗe shafinsa, muka tarar wurin sakamakon sakandare fayau, ashe yaron shagon da aka bai wa aikin ya karɓi kuɗi ya ɗora a shafin jami'a kawai. Kafin a gyara, gurabe sun cika.

Sai batun suna da ranar haihuwa. Ka ajiye katin NIN, da sakamakon sakandare, da takardar JAMB, da takardar haihuwa, da takardar shaidar ƙaramar hukuma a kan tabarma ɗaya, ka karanta su harafi bayan harafi. Muhammad a nan, Mohammed a can, ko sunan uba ya zo farko a wata takarda ya zo ƙarshe a wata, duk suna iya tsayar da mutum a ranar rajista, kuma gyaransu yana cin makonni. A tuna kuma cewa shekara 16 ita ce mafi ƙarancin shekarun shiga jami'a, ban da 'yan ƙalilan masu hazaƙa ta musamman da hukumar ke tantancewa daban.

4. Yanke shawara: ka zauna a jami'ar da ka zaɓa ko ka canza

A nan dabara take. Abu na farko da za ka riƙe shi ne, a likitanci zaɓi na farko ne kaɗai ke aiki. Jami'ar da ka sanya a zaɓi na biyu ba za ta waiwaye ka ba, domin waɗanda suka sanya ta a farko ma sun yi mata yawa.

Jami'o'in tarayya suna raba gurabe kashi uku: kashi 45 cikin 100 bisa cancanta zalla, ko daga ina mutum ya fito, kashi 35 ga 'yan jihohin da ke yankin jami'ar, kashi 20 ga jihohin da aka lasafta a matsayin masu ƙarancin ci gaban ilimin boko, waɗanda akasarin jihohin Arewa suna ciki. Ma'anar wannan ita ce, maki ɗaya yana da daraja daban-daban a wurare daban-daban. Ɗan Jigawa mai 270 da ya nemi jami'ar da jiharsa ke cikin yankinta yana da ƙofa uku, idan ya rasa ta cancanta ya gwada sauran biyun tare da 'yan uwansa kawai. Jami'o'in jihohi kuwa 'yan asalin jiha suke fifitawa, kuma wanda ba ɗan jiha ba yakan biya kuɗin makaranta fiye da nasu.

Kowa yana son Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya da asibitinta na Shika, ko Bayero ta Kano da Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, ko Usmanu Ɗanfodiyo ta Sakkwato, ko ta Maiduguri, ko ta Jos, kuma saboda haka ne cunkoso ya fi tsanani a cikinsu. Amma akwai Jami'ar Abubakar Tafawa Ɓalewa ta Bauchi, da Jami'ar Tarayya ta Dutse, da Jami'ar Tarayya ta Kimiyyar Lafiya da ke Azare, da jami'o'in jihohi irin na Kaduna da Gombe da Yobe. Lasisin da MDCN ke bayarwa a ƙarshe iri ɗaya ne, kuma majinyaci ba ya tambayar inda likita ya yi karatu. Na sha ganin iyaye sun ƙi canji saboda suna son a ce ɗansu yana Zariya, yaron ya ƙare da shekara guda a gida.

Gargaɗi: kafin ka koma sabuwar jami'a, ta gwamnati ce ko mai zaman kanta, ka duba jerin makarantun da MDCN ta amince da su, ka tabbata sashen likitancinta yana ciki, ka kuma ga matsayin amincewar. Ɗaliban makarantar da ba ta samu cikakkiyar amincewa ba sukan maƙale a tsakiyar karatu, su kasa zana jarrabawar ƙwarewa a kan lokaci.

Ana yin canjin jami'a ko na kwas a cibiyar kwamfuta da aka amince da ita, ɗalibi ya je da kansa domin za a ɗauki zanen yatsansa, kuma kuɗin hukuma a 'yan shekarun nan naira 2,500 ne, ban da ladan cibiya. Lokaci shi ne komai a nan: canjin ya kammala kafin jami'ar da za ka koma ta rufe fam ɗin tantancewarta, domin yakan ɗauki kwanaki kafin sunanka ya bayyana a wurinsu. Wanda ya canza bayan an rufe, ya bar wadda ke hannu bai kama ta sama ba.

5. Jarrabawar tantancewa ta jami'a

Wasu jami'o'i suna yin jarrabawa a kwamfuta, wadda aka fi sani da Post-UTME, wasu kuma suna tantance takardu ne kawai ta intanet su ba kowane darajar kiredit makinta. Tsarin yana iya sauyawa daga shekara zuwa shekara, don haka sanarwar bana ce abin dogaro. Gwamnatin tarayya ta ƙayyade kuɗin tantancewa a naira 2,000, amma da cajin banki da na shago da kuɗin mota da na kwana, ka tanadi abin da ya ninka haka sau da yawa.

Ɗalibai da yawa suna ajiye littafi ranar da suka fito daga UTME, kuma lissafi yana nuna girman wannan kuskure. Ɗauki tsarin da Jami'ar Ibadan ta shahara da shi, inda ake raba makin UTME da 8, a raba na tantancewa da 2, a haɗa su su ba da 100. Mai 310 yana da 38.75, idan ya ci 58 a tantancewa ya ƙara 29, jimla 67.75. Mai 280 yana da 35, idan ya ci 72 ya ƙara 36, jimla 71. Ka ga wanda aka fi da maki 30 ya wuce gaba, saboda a irin wannan tsari maki 2 na tantancewa daidai yake da maki 8 na UTME. Jami'ar Legas kuwa tana ba UTME kashi 50, tantancewa 30, sakamakon sakandare 20. A inda ake lissafa sakandare, mai A1 da B2 ya riga ya tsere wa mai C6 tun kafin a zauna, kuma idan kana da sakamako biyu, WAEC da NECO, ka gabatar da wanda darajojinsa suka fi kyau a darussa biyar ɗin nan.

Ka nemi tambayoyin shekarun baya na jami'ar, ka riƙa amsa su da agogo a gabanka, domin lokacin yakan yi kaɗan. Idan garin nesa ne, ka isa kwana ɗaya kafin ranar, ka je ka ga ɗakin jarrabawar, ka kuma riƙe takardar da aka buga mai nuna rana da lokaci.

6. Sa ido a kan CAPS

Tun 2017 duk wani gurbi na halak ta manhajar CAPS ta JAMB yake bi: jami'a ta miƙa suna, hukuma ta duba ta amince, ɗalibi ya karɓa ko ya ƙi. Ka riƙa shiga aƙalla sau biyu a mako, kuma idan waya kake amfani da ita ka mayar da burauza zuwa yanayin kwamfuta domin shafin ya buɗe gaba ɗaya. Idan ka ga "Admission in Progress", sunanka yana kan hanya. Idan ka ga "Not Admitted", ba a kai gare ka ba tukuna, kuma ba a yanke ƙauna sai jami'ar ta rufe ɗauka. Idan gurbi ya fito, ka karanta sunan jami'a da sunan kwas sau biyu kafin ka danna karɓa, kada kuma ka yi jinkiri domin akwai wa'adi, sannan ka buga wasiƙar gurbi ta JAMB.

Gargaɗi biyu. Da zarar ka karɓi gurbi, ka fita daga kasuwa, wata jami'a ba za ta ƙara duba ka ba a wannan shekara. Na biyu, duk gurbin da wani ya ce ya samo maka "ta ciki" amma bai bayyana a CAPS ba, babu shi, kuma mai irinsa yakan gane haka ne bayan shekaru, lokacin da aka nemi sunansa domin hidimar ƙasa aka rasa.

7. Idan an tura ka wani kwas, ko ba a ɗauke ka ba

Sau da yawa jami'a takan nemi mayar da mai neman likitanci zuwa wani sashe, kuma buƙatar takan bayyana a CAPS tana jiran amincewarka. A nan ake yawan yaudarar kai. Za a ce maka ka karɓi Anatomi ko Fiziyoloji ko Bayokemistiri, "daga baya sai ka yi canji". Canji zuwa likitanci daga cikin jami'a abu ne mai wuyar gaske saboda ƙayyadadden adadin nan na MDCN, wasu jami'o'in ma ba sa yin sa sam. Ka karɓi kwas ne idan za ka iya rayuwa da shi ko da canjin bai yiwu ba.

Akwai kwasa-kwasan da ke da lasisinsu da aikinsu a asibiti: likitan haƙori, haɗa magunguna, aikin jinya, kimiyyar gwaje-gwajen asibiti, ɗaukar hoton cikin jiki, da gashin ƙashi. Su ma ana rububinsu, don haka wanda makinsa ke tsakiya gara ya canza zuwa ɗayansu da wuri ya yi takara a matsayin zaɓin farko, maimakon ya jira a jefa shi inda aka ga sarari.

Wanda zuciyarsa ta kafe a kan likitanci yana da hanya uku. Zai iya sake zama UTME baɗi, domin sakamakon na shekara ɗaya ne, amma fa da sabon shiri, musamman a Fiziks da Kemistiri inda maki ya fi zubewa. Zai iya yin jarrabawar share fagen shiga jami'a ta IJMB, wadda Jami'ar Ahmadu Bello ke kula da ita, ko makamanciyarta JUPEB, ya nemi shiga aji biyu kai tsaye ta fam ɗin DE, sai dai guraben wannan hanya sun fi ƙaranci kuma ana buƙatar kusan cikakken maki a Bayoloji da Kemistiri da Fiziks. Mai hikima yakan haɗa biyun a shekara ɗaya, tun da karatun IJMB yana ƙarfafa na UTME. Hanya ta uku ita ce ya kammala digiri a fannin da ke da alaƙa da lafiya da sakamako mai kyau, sannan ya nemi DE, hanya mai tsawo amma mutane sun bi ta sun isa.

Masu hali sukan duba jami'o'i masu zaman kansu, inda kuɗin likitanci ke kai miliyoyin naira a shekara, ko ƙasashen waje kamar Masar da Indiya. A yi lissafin shekara shida cif, tare da faɗuwar darajar naira, kafin a biya ta farko. Yaƙin Yukiren a 2022 da na Sudan a 2023 sun dawo da ɗalibanmu da yawa gida karatu a rabi. Wanda ya gama a waje kuma sai ya ci jarrabawar tantancewa ta MDCN kafin a ba shi izinin taɓa majinyaci a Nijeriya.

8. Bayan an samu gurbi

Ka biya kuɗin amincewa da na rajista ta hanyar da jami'ar ta sanar kawai, ka adana kowane rasit. A ranar tantance takardu za a nemi na asali tare da kwafi: wasiƙar gurbi, takardar sakamakon UTME, sakamakon sakandare, takardar haihuwa, ta ƙaramar hukuma, hotunan fasfo, wani lokaci da takardar gwajin lafiya. Ɗaliban sashen lafiya sukan biya fiye da sauran ɗalibai, kuma jami'o'in tarayya da dama sun ƙara kuɗi tun 2023. Wanda abin ya yi wa nauyi ya nemi rancen NELFUND, asusun bashin ɗalibai da ya fara aiki a 2024 domin masu karatu a makarantun gwamnati, ya kuma bincika hukumar tallafin karatu ta jiharsa, domin wasu jihohi suna ba ɗaliban likita kulawa ta musamman.

Ka kuma tambayi ƙa'idar aji ɗaya tun makon farko. Shekarar farko a tsangayar kimiyya ake yin ta, ana karanta Bayoloji da Kemistiri da Fiziks, kuma a jami'o'i da yawa wanda ya faɗi darasi ko ya gaza makin da aka gindaya ba ya wucewa aji biyu na likitanci, sai a mayar da shi wani sashe. Ka karɓi littafin dokokin ɗalibai daga ofishin tsangaya, ka nemo shafin da ya yi bayanin wannan sharaɗi, ka san adadin makin da ake buƙata kafin a shiga lacca ta farko.